Yadda Ake Ƙara wa Jikin Datsun 240Z Tauri, Daga Farautar Tsatsa Zuwa Kejin Ƙarfe

Datsun 240Z ba ta da shasi irin na a-kori-kura ko tifa, wato dogayen ƙarafa biyu da ake ɗora bodi a kai a ɗaure da noti. Bodin nata shi ne shasin. Daɓe, rufi, dokin ƙofa, bangon da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba, gidajen shokazoba huɗu, duk fallayen ƙarfe ne marasa kauri da aka matse a masana'anta aka haɗe da waldar ɗigo, kuma su ne ke ɗauke da inji da ƙafafu da duk wata jijjiga ta hanya. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin Peugeot 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ya san wannan gini.

Nissan, kamfanin da ke ƙera Datsun, ta fito da motar a ƙarshen 1969, a Japan da sunan Fairlady Z, da inji mai silinda 6 a jere, lita 2.4 a wadda aka fitar ƙasashen waje da sunan 240Z, nauyinta kuma kaɗan ya haura tan ɗaya. Ba raguwar mota ba ce: ita ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake cinyewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Amma an auna jikinta ne da siririyar taya mai faɗin milimita 175 da roba irin ta wancan zamani. Yau mai ita zai sa taya mai faɗin 225 mai kama kwalta kamar danƙo, ya sa sifirin mai tauri, wani ma ya cire injin ya dasa wanda ya ninka shi ƙarfi, alhali ƙarfen ya haura shekara 50 yana shan ruwa da gishirin da ake zubawa a hanya don narka ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Daga nan sai ƙofa ta fara gogar gefenta, murfin baya ya riƙa ƙara a kan gargada, fenti ya tsage a kusurwar rufi, sitiyari kuma ya yi jinkirin amsawa idan an shiga kwana.

Abin da wannan jagora ya tsaya a kai shi ne jerin aikin. Mafi yawan masu irin wannan mota suna farawa ne da sandar aluminiyam mai sheƙi da ake ɗaurawa a saman inji, domin ita ido ke gani idan an buɗe bonet. Ita ce ya kamata ta zo kusan ƙarshe.

Abin da ake yaƙa

Jikin mota yana ba da kai ta hanya biyu. Akwai lanƙwasa, inda tsakiya ke sauka tsakanin tayoyin gaba da na baya. Akwai kuma murɗewa, inda gaba ke juyawa hagu baya na juyawa dama, kamar lokacin da taya ɗaya ta hau tudu sauran uku na ƙasa. Murɗewar ce ke ɓata tuƙi, domin aikin da sifirin da shokazoba ya kamata su yi sai bodi ya karɓe, shi kuwa bodi ba shi da abin da zai kashe masa girgiza.

Ɗauki kwalin taliya wanda aka cire wa murfi ka murɗa shi, za ka ga ya bi hannunka ba gardama. Rufe shi ka liƙe da salatif, ka sake gwadawa, sai ya ƙi. Kwalin bai ƙara kauri ba, rufe shi kawai aka yi. Dokin ƙofar mota da sandunan shasi da ke ƙarƙashin daɓe duk rufaffun akwatuna ne, kuma ranar da tsatsa ta ɓula gefe ɗaya ko ɗigon walda ya saki, sun zama buɗaɗɗu. Ita kuma 240Z tana da babban rami a bayanta inda murfin baya yake, gilashinta na gaba kuma a cikin roba yake zaune, ba a manne shi da gam kamar na motocin yanzu ba, don haka ba ya taimaka wa jikin da komai.

Mataki na 1: Auna kafin ka taɓa komai

Nemi daɓen siminti mai lebur. Ɗaga motar a kan ƙafafun jak huɗu, ka daidaita su da ma'aunin ruwa irin na magina. Rataya igiya mai dalma daga wuraren da ƙafafu ke ɗaure: ramukan notin da ke riƙe ƙarfen da inji ke zaune a kai, mazaunin sandunan da ke tokare ƙafar gaba, da mazaunin hannuwan ƙafar baya. Duk inda dalmar ta nuna, yi alama a ƙasa. Sai ka auna a gicciye, daga gaban hagu zuwa bayan dama, daga gaban dama zuwa bayan hagu. In bambancin ya wuce milimita 3 zuwa 4, motar ta taɓa cin karo ko ta zauna a karkace, kuma wurin mai jan bodi za ta fara zuwa. Wanda ya yi wa karkatacciyar mota walda ya dawwamar da karkatar.

In kana son sanin ko wahalarka ta biya, auna murɗewar ma. Ɗaure baya da ƙasa ta wajen mazaunin ƙafa, ka ɗora tsakiyar gaba a kan abu guda da zai bar shi ya juya, ka ɗaure dogon ƙarfe a gicciye a kan gidajen shokazoba na gaba, ka rataya nauyi a bakinsa. Sa agogon awo biyu, irin masu nuna ɗan motsin da bai kai milimita ba, a ƙarƙashin sandunan shasi, hagu da dama. Ga misalin lissafi: kilo 50 a nisan mita 2 daga tsakiyar mota ya ba da ƙarfin murɗa na kimanin Nm (newton-mita) 981. In agogunan suna da tazarar mita 1, ɗaya ya sauka milimita 1.5 ɗaya ya hau 1.5, kusurwar ta kama digiri 0.17, wato taurin ya kai wajen Nm 5,700 a kowane digiri. Wannan misali ne kawai na yadda ake buga lissafin. Lambar da motarka ta bayar ka rubuta ta, ka maimaita awon bayan kowane mataki da nauyi iri ɗaya a wuri iri ɗaya.

Mataki na 2: Tuɓe ta

Kujeru, kafet, batir, tankin mai, bututun mai da na birki da ke bi ta ƙarƙashin daɓe, wayoyin da ke kusa da inda wuta za ta taɓa, duk su fita. Tankin mai a cire shi a kai shi nesa, tsiyaye shi bai isa ba, domin tururin da ya rage a ciki ya fi man haɗari. Kwaltar da aka shimfiɗa a daɓe don kashe ƙara tana ɓallewa da busasshiyar ƙanƙara ko iska mai zafi da abin kankara. Aiki ne mai gundura, amma a ƙarƙashinta tsatsa ke ɓuya.

Mataki na 3: Farautar tsatsa

A nan rabin taurin da kake nema yake, kuma a nan ya kamata mafi yawan kuɗinka su tafi.

Fara da mazaunin batir. A 240Z yana kusurwar ɗakin inji, jikin bango, kuma ruwan batir da ya riƙa ɗiga shekara da shekaru yakan cinye mazaunin, ya gangara ya ci bangon, ya sauka kan sandar shasi da ke ƙasa. Daga nan bi sandunan shasi guda biyu tun daga wajen lagireto har inda suka nutse ƙarƙashin daɓe. Waɗanda ke ƙarƙashin daɓen sukan zo a lotse saboda masu sa jak a inda bai dace ba, kuma lotsattsen akwati ya riga ya rasa ƙarfinsa ko da bai ɓule ba. Duba daɓen kansa, dokin ƙofa ciki da waje, kusurwar da ke gaban tayar baya inda dokin ƙofa ya haɗu da bangon baya, ramin safaya, da leɓen da murfin baya ke sauka a kai. Kada ka yarda da ido. Sa sukudireba ka caka, ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe ko wanda aka cike da foti yana amsawa a dushe. Maganaɗisu ma yana tona asirin foti.

Wurare biyu suna buƙatar fitila da haƙuri. Na farko, akwatin da sandar tokare ƙafar gaba ke shiga a jikin sandar shasi: duk birkin da aka taka da duk ramin da aka faɗa, nan yake sauka. Na biyu, inda sitabilaizar gaba ke ɗaure a ƙasan sandar shasi. In an taɓa sa wa motar sitabilaiza mai kauri, sau da yawa za ka tarar da tsaga kewaye da notin.

Kafin ka yanke dokin ƙofa ko daɓe, tokare ramin ƙofa da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ɗaya a miƙe ɗaya a gicciye, ka kuma haɗa hagu da dama. In ba haka ba, da zarar ka yanke, jikin zai sauka, ƙofar kuma ba za ta ƙara rufuwa daidai ba. Yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan. Yanke har sai ka kai ƙarfe mai haske, ka sa sabon falle mai kauri daidai da na asali, baki da baki. Ɗora faci a kan ruɓa ba gyara ba ne, ɗaki ne aka gina wa ruwa tsakanin fallaye biyu.

Game da injin walda, ra'ayina a fili yake: MIG, wato injin da ke turo waya da kansa gas na lulluɓe waldar, da waya mai kaurin milimita 0.6 da gas ɗin argon gauraye da carbon dioxide. Fallayen jikin nan ba su wuce milimita ɗaya ba a mafi yawan wurare. Waldar lantarki ta sanda tana ɓula su, waldar kabaid da fanel-bita suka saba da ita kuma tana zuba zafi a fili mai faɗi har fallen ya kumbura ya karkace. Akwai gwanayen da ke iya yi da ita, amma ga aikin da ya shafi ƙashin mota ban ba da shawararta ba.

Mataki na 4: Waldar ɗinki

Masana'anta ta haɗa fallayen da ɗigo-ɗigo, tsakanin kowane ɗigo da na gaba kuwa fallayen suna iya zamewa a kan juna. Waldar ɗinki ita ce bin waɗannan gaɓoɓi ana ƙara gajerun layukan walda. Wannan shi ne abin da masu shirya motocin tseren daji suka daɗe suna yi, kuma kusan ba ya ƙara nauyi.

Kankare gam ɗin da ke cikin gaɓar da fenti da kwalta har ƙarfe ya fito fes. Burushin waya a kan giranda ya fi dutse, domin dutse yana cin fallen. Duk abin da ya rage a cikin gaɓar zai tafasa ya lalata waldar. Kada ka wanke wurin da maganin wanke birki mai sinadarin chlorine: idan zafin walda ya taɓa shi yana iya haifar da iskar phosgene, wadda kaɗan daga cikinta ke halaka huhu. Yi amfani da acetone, ka bari ya bushe. Hayaƙin ƙarfe mai rufin zinc ma yana sa zazzaɓi, don haka a buɗe ƙofofin gareji a sa abin rufe hanci na gaske.

Yi layi mai tsawon kamar milimita 25, ka bar tazarar milimita 25 zuwa 50, ka sake yin wani. Yi alama da alli tukuna don kada hannu ya ɗauke ka. Kada ka bi gaɓa ɗaya daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Ɗinki biyu a hagu, ka koma dama, ka tafi baya, ka dawo gaba, kana barin kowane wuri ya huce har ka iya ɗora tafin hannu. Walda tana jan ƙarfe idan tana hucewa, kuma ɗinki ɗari da aka jera a gefe guda suna iya jan gaban mota ya karkace. Bayan kowane zagaye, buɗe ƙofofi ka rufe. In ɗaya ta fara tauri, tsaya.

Me ya sa ba za a yi layi ɗaya dogo ba tsayawa? Zafi ne dalili na farko. Na biyu, in tsaga ta kama a doguwar walda takan bi ta har ƙarshe, a ɗinki kuwa takan tsaya a tazara. Na uku, ranar da aka ci karo, mai gyara zai iya raba fallayen.

Ba kowace gaɓa ce ta cancanci wahalar ba. Bi inda nauyi ke bi: kewayen gidajen shokazoba huɗu, inda sandunan shasi suka haɗu da bangon inji, inda bangon ya haɗu da daɓe da ramin giya, akwatin sandar tokare, mazaunin aksul na baya, da leɓen ramin ƙofa bayan an cire robar. Gaban gidajen shokazoba zuwa hanci kuwa ka sassauta. Wannan yanki gara ya lotse ya sha bugu idan an yi karo, maimakon ya miƙa bugun ga ƙafafun direba.

Mutum na biyu ya tsaya a ɗaya gefen fallen da abin kashe gobara. Kwaltar da ke bayan inda kake walda tana kamawa ba tare da ka gani ba.

Mataki na 5: Haɗa gaba da baya

Wannan ne gyaran da ya fi kowane sauya halin 240Z. Sandunan da ke ƙarƙashin daɓenta ba su kai baya ba, suna ƙarewa ne a wajen ƙarƙashin kujera, daga nan har mazaunin ƙafar baya daɓe da dokin ƙofa da ramin farfela ne kaɗai ke riƙe da motar. Nissan da kanta ta ƙara wa wannan wuri ƙarfe a 280Z da ta fito a 1975.

Ana sayar da sandunan da aka lanƙwasa daidai jikin motar, waɗanda ake kifawa a kan na asali su zarce har baya. Mai hannu kuma yana iya yin nasa da bututu mai kusurwa huɗu, kamar milimita 50 a 25 ko 50 a 50, kaurin bango milimita 2. Abin da ya fi kauri haka nauyi ne kawai, kuma ƙarfe mai kauri da aka liƙa wa siririn falle yana tara wahala a bakin waldar har fallen ya yage.

Sharuɗɗa uku. Motar ta kasance zaune daidai lokacin waldar, ko dai a kan tayoyinta bisa dandamali mai lebur, ko a kan ƙafafun jak da aka sa a mazaunin ƙafafu, kada a rataye ta ta tsakiya gaba da baya na lilo. Sandar ta kama daɓe a duk tsawonta, da ɗinki ko da ramukan da aka huda aka cike da walda, domin sandar da aka kama a baki biyu kawai rabin aiki take yi. Bakinta kuma ya ƙare a kan faranti mai faɗi da ya rungumi ƙarfe mai ƙarfi, a rufe shi kada ruwa ya shiga. Kafin ka kunna wuta, gwada hanyar salansa da bututun mai da na birki, ka kuma duba nawa sandar za ta rage tsakanin mota da ƙasa.

A wannan zama ne za ka ƙara farantin milimita 2 zuwa 3 a mazaunin sitabilaiza, da 'yan ƙananan alwatika a kusurwoyin akwatin sandar tokare.

Mataki na 6: Sandunan sama

Yanzu lokacin sandar mai sheƙi ya yi. Ƙafar gaba da ta baya a wannan mota duk irin wadda shokazoba ke ɗauke da nauyi ce, don haka kan gidan shokazoba yana shan turi sosai. Sanda ɗaya a miƙe tana hana gidajen biyu matsowa ko buɗewa, amma ba ta hana su karkata tare. Sai an ƙara hannuwa biyu daga kowane gida zuwa bangon inji, an sami alwatika, sannan take aiki na gaske. Bangon siriri ne, a sa masa faranti mai faɗi inda hannuwan za su sauka, kusa da wata gaɓa mai ƙarfi. Zaɓi sanda miƙaƙƙiya marar gaɓar da ke juyawa a bakinta. Ƙarfe ya ninka aluminiyam tauri kusan sau 3 idan girmansu ɗaya.

A baya, gidajen shokazoba suna tsaye ne a cikin mota, bayan kujeru, kuma haɗa su yana rage wa ramin murfin baya wahala.

Mataki na 7: Keji, ga wanda yake buƙata

Babu abin da ke kai keji ƙara tauri, wato bututun ƙarfe da ake harhaɗawa a cikin ɗakin mota don kare direba idan ta kife, musamman in an haɗa ƙafafunsa da gidajen shokazoba aka kuma liƙa shi da ginshiƙan gilashi. Ga mai shiga gasa, dokar hukumar da ke shirya gasar ita ce abin bi tun kafin a sayi bututu. Ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, alal misali, ta nemi babban baka, wato wanda ke bayan kujeru, ya zama bututun ƙarfe marar gaɓa mai milimita 45 a 2.5 ko 50 a 2.0, kowace ƙafa kuma ta zauna a kan farantin da bai gaza kaurin milimita 3 da faɗin santimita murabba'i 120 ba.

Ga motar da za a riƙa hawa a titi kuwa, ina roƙon mai ita ya bar cikakken keji. Ɗakin 240Z ƙarami ne, bututun zai wuce dab da kan direba, kuma kan da ba hular kwano ba ya jure haɗuwa da ƙarfe ko a ƙaramin karo. Baka ɗaya a bayan kujeru, mai gicciye a tsakiya da ƙafafu biyu zuwa gidajen shokazoba na baya, ya wadatar, a naɗe duk inda kai zai iya kaiwa da soso mai tauri na musamman.

Wanda motarsa ke da cikakkiyar asali, lambar inji da ta bodi ba a taɓa sauyawa ba, ya sani cewa masu tara irin waɗannan motoci suna rage wa wadda aka yi wa walda daraja. Shi ya tsaya a gyaran tsatsa da sandunan da ake ɗaurewa da noti.

Mataki na 8: Rufe abin da ka buɗe

Kowace walda ta ƙone fentin da ke bayanta, a cikin akwatin da hannu ba ya shiga. In aka bar shi haka, tsatsa za ta fara daga ciki. Goge waldar da burushi, shafa fenti na ƙasa mai epoxy, mayar da gam a gaɓoɓi, sannan fenti. A ƙarshe fesa kakin hana tsatsa a cikin dokin ƙofa da sandunan shasi da dogon tiyo, ka tabbata ramukan tsiyayar ruwa a buɗe suke.

Mataki na 9: Sake saita ƙafa

Maimaita awon gicciye da na murɗewa, ka kwatanta da lambobin farko. Sannan alaimen, domin walda takan motsa abubuwa da milimita ɗaya ko biyu.

Motar za ta canza hali. Sifirin da sitabilaizar da a da suke daidai suna iya zama masu tsauri yanzu, tunda bodi ya daina shanye rabin aikinsu, kuma ƙaramin sauyi a sitabilaizar baya zai fito fili a kwana. Fara da saiti mai laushi, ka gwada a fili marar jama'a kafin ka ƙara.

Tsofaffin bushin roba a canza su. Sai dai a kula da sandar tokare ƙafar gaba: masu wannan mota sun daɗe da gano cewa in aka sa mata bushi mai tauri na polyurethane gaba da baya, ba ta samun sararin motsi, sai ta riƙa lanƙwasa a wuyanta har ta karye, kuma karyewarta a kan gudu na nufin taya ta koma baya cikin bodi. Abin da aka saba yi shi ne mai tauri a gefe ɗaya, roba a ɗayan, ko a sauya ta da irin mai ƙwallo a baki.

Bayan 'yan makonni ana hawa, ɗaga motar ka bi bakin kowane sabon ƙarfe da fitila. Wahalar da ka kora daga wuri ɗaya takan koma inda tauri ya ƙare laushi ya fara, wato bakin sandunan da ka ƙara, gefen farantai, da kusurwoyin bangon inji. Siririn layin tsatsa ko fentin da ya tsage a wurin alama ce ta tsaga. Huda ƙaramin rami a kowane bakinta don ta tsaya, yi mata walda, ka faɗaɗa farantin da ke wurin.